Tumakin Inna da Kududdufin Bature

Shekarun baya can, ana saura kaɗan Turawa su tafi, na yi aiki a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa da fatu a bakin iyakar Jibiya. A bayan gidan ya sa an gina masa wani rami na siminti da yake iyo a ciki shi da matarsa. Mutanen gari suka sa masa suna kududdufin Bature, ni kuma aka ba ni kula da shi. Har wani ɗaga kafaɗa nake yi, kai ka ce sarautar ruwa aka naɗa mini.

Aikin ba wuya. In tsame ganye, in kankare gansakuka, in zuba wata farar hoda mai warin tsiya. Idan ruwan ya tsufa sai in zare toshiya ya gangara wani kwari a bayan katanga, masu jakuna su sake cika ramin daga rijiya. Ruwan da muke zubarwa kuwa ko akuya ba ta shansa. Dabba za ta zo da ƙishi, ta sunsuna, ta yi atishawa ta juya.

To, hodar nan tana sa idon uwargida ja, jikinta ya yi ta ƙaiƙayi. Sai wani abokin maigida ya aiko masa da buhun wani shuɗin dutse daga Maraɗi, mai kama da gishiri. Kukun gidan ya fassara mini cewa an daina hoda, wannan zan riƙa narkawa kaɗan ina zubawa. Ba wanda ya auna mini kaɗan ɗin nan. Da zafin bazara gansakuka ba ta jimawa take dawowa, ni kuma na riƙa ƙara hannu. Ruwa ya yi garau, ana hango ƙasan ramin, kuma babu wari ko kaɗan.

Mahaifiyata tana da tumaki. Duk jikokin tunkiya ɗaya ne, wadda uwarta ta ba ta ranar da aka kawo ta ɗaki daga Magama. Tun da mahaifina ya rasu su ne rufin asirinta, su ne kuma abokan hirarta. A bazarar nan rijiyoyi sun ja baya, kullum sai ta kora su gulbi ta tona yashi da ƙwarya kafin su sha, ta dawo ƙafafu a kumbure. Abin ya dame ni.

Na ce, "Inna, ki bar wahalag ga. Ga ruwa can muna zubarwa banza, ki kawo su."

Ta ce, "Ruwan da ko jaki bai sha?"

Na ce, "An sake magani. Wanga ba shi wari, zo ki gani."

Ta zo ta ɗiba a tafin hannu ta sunsuna, ta tsaya tana kallon tumakin. Suka kafa kai suka sha har cikinsu ya fito. Ta yi dariya ta ce, "Ashe aikin Nasara na da rana. Allah shi yi maka albarka." Daga nan na daina zubar da ruwan gaba ɗaya, nakan sakar musu kaɗan kullum a wani kwami.

An daɗe lafiya lau, har sun yi ƙiba. Ana gab da faɗuwar damina babbar cikinsu ta ƙi kiwo, ta kwanta tana nishi. Idonta ya koma rawaya, fitsarinta ja wur har baƙi-baƙi. Muka yanka ta kafin ta mutu, sai ga nama shi ma rawaya, mahauci ya duba ya girgiza kai ya tafi. Kafin mu gama jimami wata ta kwanta. Inna ta ba su kanwa, ta jiƙa sassaƙe, ta karɓo rubutu, duk a banza. Awakin maƙwabta da suka sha ruwan tare da su suna nan suna tsalle, don haka ba wanda ya kawo ruwan a ransa.

Wani malamin dabbobi da ya zo duba shanun da ke ƙetare iyaka shi ya buɗe cikin ɗaya, ya tambayi inda suke sha. Na kai shi ya ga buhun. Ya ce dutsen nan taruwa yake a hantar tunkiya a hankali, akuya takan jure, tunkiya ba ta jurewa. Na ce to mene ne maganin? Ya ce waɗanda suka sha sun riga sun sha.

Haka muka zauna muna kallon sauran suna tafe suna cin ciyawa, mun san abin da ke cikinsu. Ban taɓa jin rashin dabara irin na lokacin ba. Kuma kowace safiya sai na koma na narka dutsen na zuba, don maigida yana da baƙi, ba ya son ruwan ya yi kore.

Ranar da ta ƙarshe ta tafi, Inna ba ta yi kuka ba. Na je na durƙusa gabanta. Ta ce, "Tashi, ɗan nan. Ni ma na sunsuna."

Na sha yi mata tayin sayo wata tunkiya, takan ce ba irin ta uwarta ba ce. Ba ta ƙara kiwo ba har ta koma ga Allah, kuma ba ta yarda an cire turakun daga tsakar gida ba.

Yanzu jikokina kan kai ni otal a Katsina, in ga yara suna iyo a ruwa shuɗi garau, kowa na yabawa. Ni kuwa sai in matsa in sunkuya in sunsuna, su yi ta yi mini dariya. Idan na ji warin hodar nan hankalina yakan kwanta. Idan ban ji komai ba, sai turakun Inna su faɗo mini a rai.