Sukurun da ya kori Saratu

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da sukuru ya faɗa cikin wake ba. Ku sababbin shiga aikin kicin, ku buɗe kunne.

Lokacin ni ce babbar kuku a wata makarantar kwana ta 'yan mata, nan Mubi. Metiron tana samana, ita ke duba abinci. Mai sito ke sayo kaya. Mu namu wuta da tukunya. Murafen tukwanenmu na alminiyon ne masu hannun katako, hannayen suka fara girgiɗi, na kai ƙara. Mai sito ya kawo sukurori a leda, farare tas, suna ƙyalli, ya ɗaura da kansa. Har godiya na yi masa, ni da bakina.

To mu ba soso kaɗai muke sa wa murfi ba, da toka da yashi muke dirza. Wake kuma sai da kanwa, tururi yana dukan murfi tun safe. Kafin damina ta fita ƙyallin ya gudu, jan ruwa yana bin gindin kowane sukuru. Na nuna wa mai sito. Ya ce, "Dada, ƙarfe ne fa, ba gishiri ba, ba ya narkewa."

Ran da abin ya faru Saratu ce a kan wake. 'Yar ƙauyen Vimtim ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, aikin nan ke ciyar da su. Wata ɗaliba ta kai loma, haƙori ya tsage, baki duk jini. Guntun sukuru ne, tsatsa ta cinye wuyansa ya faɗa.

Metiron ta shigo da shi a tafin hannu.

"Wa ya dafa?"

Na ce, "Madam, ki tambayi wa ya ɗaura."

"Dada, ban tambaye ki ba. Saratu, ba ki da ido ne?"

Ido! A tukunyar da mutum zai zauna ciki ya miƙe ƙafa? Washegari aka ce Saratu ta huta a gida har a yi bincike.

Ni dai na ɗauki murfin a ka har kasuwa, wurin Baba Zira mai gyaran risho. Ya kanga maganaɗisu, sauran sukurorin suka manne caf. Ya ce, "Wannan baƙin ƙarfe ne aka shafa wa fari. Ga sitenles, ƙarfen da ba ya tsatsa, duba, da ƙyar yake kamawa. Duk inda ruwa da tururi suke, shi ake sa."

Ya zaɓo gajeru, daidai kaurin katako da murfi, don kada tsini ya leƙo kan abinci. Irin masu yanka wa kansu hanya ne, ba ruwansu da noti. Ya fara huda ɗan rami, sannan ya murɗa da hannu a hankali. Ya ce, "In ya zauna ki tsaya. Kika ƙara ƙarfi, ko kan sukurun ya cinye ko rami ya buɗe."

Na koma na ajiye wa Metiron murfin a kan tebur, na faɗi duk abin da na ji. Ta ce, "Madalla, a gyara sauran haka." Aka gyara. Mai sito har yana nuna wa baƙi, wai dabararsa.

Na ce, "To Saratu fa?"

"Ai an riga an ɗauki wata."

Shi ke nan binciken. Saratu ta koma noman gyaɗa a gonar mutane. Murafen nan har na yi ritaya ko ɗigon tsatsa babu, ita kuwa ba wanda ya taka ya ce mata yi haƙuri.

Don haka duk abin da za a ɗaura a saman tukunyarku, ku karɓa ku duba kafin ku yi godiya. In ya faɗa ciki, ba wanda zai nemi mai ɗaurawa. Mai riƙe da ludayi za a kora.