Likkafanin Hajja Zenabu

Hajja Zenabu maƙwabciyata ce a rumfunan Uhudu, tana sayar wa baƙi dabino da na'ana'a, ni kuma carbi da zobba. Kakanta da ƙafa ya zo daga Katsina don ya mutu a Madina, kuma ya samu. Ita ma burinta ke nan, a binne ta a Baƙi'a kusa da Masallacin Annabi. Ko Jidda aka gayyace ta biki sai ta ƙirƙiro ciwon ƙafa, don kada ajali ya riske ta a waje.

Sai ga 'yarta Sundus ta haihu a Jamus, a wani gari Fasau inda mijinta ke karatu, kuma babu mai yi mata wankan jego. Hajja ta yi faɗa, ta yi kuka, sannan ta naɗe likkafaninta da ta wanke da Zamzam ta sa a ƙasan akwati.

"Lauratu, in na mutu can, ki tsaya musu a wuya su maido ni," ta ce mini. "Halas, magana ta ƙare, amana ce."

Da ta dawo sai da labarin garin ya ishe mu. Wai koguna uku ne suka haɗu a ƙarshensa, ɗaya kore, ɗaya baƙi, ɗaya shuɗi-shuɗi. Wai a da can da fataucin gishiri suka yi arziki, kuma a jikin bangon majalisar garin sun zana iyakar kowace ambaliya tun zamanin kakanninsu. Mu da kwarin Ƙanat na nan Madina kawai muka sani, shi ma sai an yi ruwa, sai mu ce Hajja rage ƙari.

Wata ambaliyar kuwa Hajja tana can ta zo. Ruwa ya cika ɗakin ƙasa inda akwatinta yake, aka kawo kwale-kwale a kwashe su, Hajja ta riƙe ƙarfen bene ta ce ba ta shiga. Wata tsohuwa Bajamushiya mai suna Hilda, da ke zaune a saman su, ita ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta rungume ta har suka kai tudu. Babu mai jin yaren wata.

Bayan ruwa ya janye, Hilda ta tsinci farin yadi cikin laka, ta ɗauka zanin gado ne. Ta wanke, ta goge, ta ɗinke inda ya yage da shuɗin zare, har da ɗan fure a gefe. Sundus ta gaya mata ko mene ne, tsohuwar ta zauna a ƙasa tana kuka tana ba da haƙuri. Hajja ta sumbace ta a ka.

Kowace shekara bayan haka sai Hajja ta aika wa Hilda dabinon ajwa, mai kyau, ba irin wadda take sayar wa baƙi ba.

Bara ta kwanta ciwo a gidanta na Aziziyya. Ɗanta Rilwanu ya ce zai sayo sabon yadi, wancan yana da tabo.

"La, ya waladi, a'a ɗana," ta ce. "Hannun da ya maido ni gida ne ya ɗinka shi."

Ni na yi mata wanka, na naɗe ta, furen ya faɗo daidai kafaɗarta. Na yi kuka, amma na gode wa Allah da kuma waccan tsohuwar da ban taɓa gani ba. Bayan sallar La'asar maza suka ɗauke ta suka shiga Baƙi'a.