Amsar da Yaya Ya Ba Mutanen Njamena

Da na gama bautar ƙasa, na koma gida Fadan Kagoma da digirin Turanci da akwati ɗaya. Baba ya rasu tun ina aji biyu a jami'a. Mama ce kaɗai a gidan, ga hawan jini, ga gonar citta da ta ƙi bari. Da safe in bi ta gona, da yamma in tafi koyon waƙa a coci, inda matan zumunta suke kirana Malama alhali ba ni da aji ko ɗaya. Haka na yi wata bakwai.

Wata ƙawata da muka yi bautar ƙasa tare ce ta turo mini tallar aikin. Wata makarantar mishan a Njamena, ƙasar Chadi, tana neman mai koya wa 'yan sakandare Turanci, kuma za su ba da ɗaki a cikin makaranta. Ni da ban taɓa wuce Kano ba. Na karanta har sau uku a tsaye a kan tudun bayan coci, don nan ne kawai waya take kamawa sosai.

Washegari na shiga mota zuwa Kafanchan wurin yayana. Shi ne babba a gidanmu, ma'aikacin gwamnati, shi ya riƙe karatuna bayan Baba. Ya buɗe kwamfutarsa, muka shiga imel ɗina, muka zauna rubuta takardar neman aiki.

"Cire wannan layin," ya ce. "Kin cika roƙo. Aiki kike nema, ba taimako ba."

Ya gyara mini ita tsaf. Shi ya ce in sa lambarsa ta biyu, saboda halin waya a ƙauye.

A falonsa aka yi mini intabiyu ta bidiyo. Shugabar makarantar dattijuwa ce 'yar Kamaru, mai farin tabarau. Ta ce in ɗauke ta a matsayin ɗalibar da ba ta jin Turanci ko kaɗan, in koya mata bambancin abin da ake yi yanzu da abin da aka riga aka yi. Na ɗauki kofin ruwa, na sha ina faɗa, na ajiye na sake faɗa. Ta yi ta maimaitawa tana kuskure da gangan, har muka fashe da dariya mu biyu. Ta ce zan ji daga gare su cikin mako biyu.

Na tafi Kaduna na yi fasfo. Na fara haddace gaisuwar Faransanci ina cire ciyawa. Ana cikin haka wayata ta faɗa baho ina wanki, mai gyara ya riƙe ta kwana goma sha.

"Yaya, in sun kira ka fa?"

"Kar ki damu, zan aiko miki nan take."

Da wayar ta dawo na duba imel, ba komai. Duk Lahadin da Yaya ya zo gida sai in tambaye shi, ya ce shiru. Wata Lahadi ya ga idona ya kawo ruwa, ya kama hannuna a gaban Mama ya yi mini doguwar addu'a, ya roƙi Ubangiji ya buɗe mini wata ƙofa. Na ce amin da dukan zuciyata.

Bayan Kirsimeti na daure na rubuta wa shugabar. Na gode mata, na roƙe ta ta gaya mini inda na gaza don in gyara gaba. Kafin in sauko daga tudun amsa ta shigo. Ta ce ba ta gane tambayata ba. Ni suka zaɓa. Sun aiko da takardar ɗauka, ni kuma wai na amsa cewa na samu aiki a gida, iyalina ba su yarda in yi nisa ba. Ta ce abin ya ba ta mamaki har ta kira lambata, a kashe, ta kira ta yayana, ya tabbatar mata. A ƙasa ta liƙo mini wasiƙar da aka ce na rubuta.

Turancin mai kyau ne, gajere, ba roƙo a ciki. Sunana a ƙarshe. Na san mai irin wannan rubutun. Na zauna a kan dutse, na tuna ban taɓa fita daga imel ɗina a kwamfutarsa ba.

Ranar Asabar na sami Yaya yana wanke babur a ƙofar gidansa. Na miƙa masa wayar. Ya goge hannu ya karanta, ya miƙo mini.

"Ni na rubuta," ya ce.

"Ka kuma goge takardar ɗaukar da suka aiko."

"Na goge. Ki tafi Chadi, wa zai zauna da Mama? In jininta ya hau, daga Njamena za ki zo? Ni ina da aiki, matata tana da aiki."

"Ni ma ai na samu aiki, Yaya."

"Ƙasar da ba ki san kowa ba, ba ki jin yarensu. Ke mace ce."

"To me ya sa ka gyara mini takarda? Me ya sa ba ka faɗa tun farko ba?"

Ya sunkuya ya ɗauki soso. "Ban ɗauka za su ɗauke ki ba."

Wannan maganar ta fi wasiƙar yi mini ciwo. Na juya ban yi masa sallama ba.

Da na koma ƙauye na iske Mama a tsakar gida tana tsaga citta don shanya. Na durƙusa kusa da ita na fara ba ta labari, ina jira ta ajiye wuƙa ta kama baki. Ba ta ajiye ba.

"Na sani," ta ce. "Ya gaya mini bayan ya yi. Na ce ya faɗa miki, ya ce a bari tukuna."

"Mama, kina kallona kullum ina hawa tudun nan?"

"Ina kallonki." Sannan ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, 'yata. Na ji daɗi da ba ki tafi ba."

Na tashi na shiga ɗaki. Kwana biyu ina dafa mata abinci, ina ba ta magani, ban ce mata komai ba sai gaisuwa.

Na sake rubuta wa shugabar na gaya mata gaskiya. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma sun ɗauki wani, ya sa hannu na shekara biyu.

Fasto ya tara mu don sulhu. Yaya ya ce don alherina ya yi, wata rana zan gode masa. Bai ce in yi haƙuri ba. Da aka tambaye ni na ce na yafe, don Mama tana zaune tana share hawaye da gefen zani.

Yanzu ina koyarwa a wata ƙaramar firamare mai zaman kanta a Kafanchan. Da ƙafata na nemi aikin, sai da na fara kowa ya ji. Na kama ɗaki, ina zuwa wurin Mama daga Juma'a zuwa Lahadi. 'Yar Yaya ta fari tana ajina, yarinya mai kai. Kwanan baya ta kawo mini littafinta ta ce, "Anti, Babana ya ce duk danginmu ba wanda ya kai ki Turanci." Na duba aikin, na gyara mata kalma biyu, na ce ta koma ta zauna.