Ashe ni ce kakar

Jiya yayar mijin 'yata ta kira ni daga Tsafe. "Malama, bana kam kaka ta shigo gidanki, a fara tanadin itace."

Ni kuwa na dage ina ba ta labarin geron da muka girbe a Furfuri.

Ta yi dariya har da tari. "Haba Malama, wa ke tanadin itacen wankan jego saboda gero? Ke ce kakar!"

Ashe kunya ce ta hana 'yar tawa faɗa mini. Shekara ashirin ina koya wa ɗalibai kalma mai ma'ana biyu, ga shi na faɗi jarrabawa a tsakar gidana.

An dai sauke itacen. Ku da kuka riga ni, ana iya lallashin jika ya riƙa cewa "Anti"?