Neman Malam Usmanu Mai Nono, Daga Wukair Zuwa Bin Omran

Wukair

Wata Juma'a ce cikin sanyin Janairu. Muna idar da sallar Asuba muka jawo kekuna daga ƙarƙashin matakala, ni da Baba Idrisu, gari bai gama wayewa ba. Sunana Nura, mutumin Funtuwa, gadi nake yi a wani rukunin gidaje a nan Wukair, wajen birnin Doha. Baba Idrisu kuwa ɗan Zangon Kumasi ne, direban tankar ruwa, kuma ɗakinmu ɗaya. Shekarunsa sun kai inda kamfaninsu ba ya sabunta wa mutum kwantiragi. An riga an yankar masa tikiti, saura mako guda ya koma Gana.

Shi ya kawo maganar tafiyar. Ya ce akwai wani mai shagon nono a cikin gari, a unguwar Asmakh, wanda ba zai iya barin ƙasar nan bai yi masa sallama ba. Na ce to mu hau jirgin ƙasa mana, ya fi sauƙi.

Ya ce, "Ɗana, na gaji da kallon hanyar keken nan daga saman tanka. Bari in taka ta ko sau ɗaya ne."

Keken da ya hau aro ne daga wani kuku ɗan Nefal, birkin baya ba ya ci sosai. Na ɗaga masa sirdi, na ƙara wa tayoyi iska, muka kama hanyar Wakra.

Wakra

Tafiyar ba ta da nisa, ba ta kai kilomita goma ba, amma kafin mu isa Baba ya fara haki. Muka tsaya a wani ƙaramin shagon kayan madara kusa da kasuwa, mai shagon ɗan Sham ne, yanzu ya buɗe. Muka sayi laban kwalba biyu, wato nononsu mai ruwa-ruwa, da gurasa mai zafi, da farin cuku na cikin ruwan gishiri. Duka riyal goma sha biyu. Muka zauna a kan dakali muna fuskantar teku.

Baba ya gutsuri cukun ya yamutsa fuska. "Gishiri ya yi yawa. Ina ma ka ci wagashin mahaifiyata."

Na ce ni cukun Buzaye na sani, busasshe, wanda ake dakawa a fura. Ya ce wagashi daban ne. Fulani ke kawo shi da taushinsa, mahaifiyarsa ta dafa shi da karan dafi ya yi ja, ta soya, ta sayar a bakin tasha. Da kuɗin wagashi ta rene su.

A nan ya ba ni labarin mutumin da muke nema. Lokacin da ya zo ƙasar nan a Asmakh aka sauke su, cikin wani tsohon gida. Wata rana ya shiga shago sayen laban, yana magana a waya da Hausa, sai mai shagon ya ce masa, "Sannu da zuwa, ɗan'uwa." Ashe Bahaushen Sudan ne, Malam Usmanu, kakanninsa sun taso aikin Hajji a ƙasa suka zauna a can.

"Da mahaifiyata ta rasu," in ji Baba, "ban samu izinin tafiya ba. Na je shagonsa ina kuka kamar yaro. Ka san abin da ya yi? Ya rufe shago, ya shimfiɗa tabarma a ƙofa, ya aika aka kira Hausawan unguwa da 'yan Sudan. Kwana uku yana zaune a gefena ana yi mana ta'aziyya, kai ka ce uwarsa ce."

"To yaushe rabonka da shi?"

Ya ce, "Tun da aka mai da mu Wukair. Shekara bakwai ke nan. Wayata ta faɗa cikin tanki, lambarsa ta tafi. Kullum sai in ce Juma'a mai zuwa. Juma'a ta zo, ga wanki, ga barci."

Hanyar Doha

Daga Wakra zuwa cikin gari kimanin kilomita ashirin ne. Hanyar keken shimfiɗaɗɗiya ce, an ware ta daban da ta motoci, sai dai iska tana bugun mu ta gaba. Jirage suna ta sauka ta hannun dama. Turawa da Larabawa masu matsattsun kaya suna wuce mu fuu a kan kekuna marasa nauyi, wasu su ɗaga mana hannu. Baba yana tuƙi da jallabiya, ya tattare ta ya cusa a wando.

Wajen rabin hanya wata motar 'yan sanda ta tsaya daura da mu. Ɗaya ya sauko, ya duba katin zamanmu, ya nuna kan Baba, ya tambaya ina hular kwano. Na cire tawa na sa masa. Ɗan sandan ya yi murmushi, ya ce ni ma in nemi tawa, sannan ya ce, "Yalla," wato mu tafi. Muka wuce.

Ba mu yi nisa ba tayar Baba ta baya ta sace. Na kwantar da keken na yi faci a bakin hanya, shi kuma ya zauna yana murza gwiwa. Na ce ko mu kira mota. Ya ce a'a, mutumin da ya zauna masa kwana uku ya cancanci a ɗan wahala kafin a iso shi.

Asmakh

Rana ta ɗaga sosai muka shiga Asmakh. Tsohuwar unguwa ce mai lunguna, gidaje gajeru, bayansu dogayen benaye sun yi musu rumfa. Baba ya sauka yana tura keke, yana nuna mini wurare. Ga gidan da suka zauna, an toshe tagoginsa da bulo. Ga masallacinsu. Muka sha kwana, sai ya tsaya cik.

Inda shagon yake an kewaye shi da kwano. Na leƙa ta wata kafa, babu komai ciki sai fili da tarin duwatsu.

"Nan ne," ya ce. "Firji yana nan, tabarmar kuma a nan aka shimfiɗa ta."

Akwai wani tsoho ɗan Indiya mai sayar da karak, shayinsu mai madara da kayan ƙamshi, a tsallake, yana shirin rufewa saboda Juma'a. Baba ya haɗa ɗan Larabcinsa da Turanci ya tambaye shi. Tsohon ya ce ya san Usman Sudani sarai, da aka tashe su ya koma Bin Omran, ya haɗa shago da wani ɗan ƙasarsu. Wane layi? Bai sani ba. Fuskar Baba ta washe. Ya sayi shayi kofi biyu don murna, muka sha a tsaye, muka shiga masallaci.

Bin Omran

Bayan an sauko daga Juma'a muka bi ta bakin teku kaɗan, sannan muka yanka cikin gari. Nan babu hanyar keke ko'ina, wani wuri dole mu sauka mu tura. Baba ya gaji, amma shi ne a gaba.

Muka shiga bin shagunan nono ɗaya bayan ɗaya. Na farko na 'yan Labanan ne, cike da zaitun da cuku iri-iri, ba su san shi ba. Na biyu wani ɗan Masar ne, ya ɗanɗana mana wani tsohon cuku mai yaji da ya sa ni tari, ya ce mu duba bayan wurin wanki da guga, akwai 'yan Sudan. A can muka ga ɗan ƙaramin shago, a cikin gilashinsa an jera cuku da aka yi wa kitso kamar gashin mace, da ɗigon habbatus sauda a jiki.

"Irin nasa ne," in ji Baba, ya jingine keke ko tsayawa gyara shi bai yi ba.

Wani dogon mutum mai furfura ya amsa sallamarmu. Da ya ji Hausa a bakinmu shi ma ya juya harshe, irin Hausar tsofaffi, a hankali. Sunansa Malam Adamu, garinsu ɗaya da Malam Usmanu. Ya ba mu kujeru, ya zuba mana nono mai sanyi, sai da muka sha sannan ya yi magana.

"Usmanu ya tafi gida, azumin da ya wuce. Faɗan da ake yi a ƙasarmu ya kai garinmu, ya ce zai je ya fitar da iyalinsa. Da farko muna waya. Yanzu wata da watanni ba ta shiga."

Baba ya ce, "Yana raye?"

"Allah ne masani, Alhaji. Ba mu ji mutuwarsa ba, ba mu ji muryarsa ba."

Baba ya ajiye kofin a ƙasa. Malam Adamu ya ƙura masa ido, can ya ce, "Ko kai ne Idrisu, ɗan Gana mai tanka?"

Baba ya gyaɗa kai.

"Ai ya neme ka. Kafin ya tafi ya hau bas ya je Wukair wata Juma'a, ya ce zai yi maka sallama. Ya yini yana tambaya. Ya dawo ya ce gidajen duk iri ɗaya ne, kuma kowa ya tambaya sai ya ce bai san ka ba."

Daga baya Baba ya zaro wani ƙulli daga aljihun jallabiya, goro ne fari da wani ya kawo masa daga Kumasi, ya ce Malam Usmanu yana son sa. Ya miƙa wa Malam Adamu, ya ce ya ci a madadinsa. Suka karɓi lambar juna. Malam Adamu ya naɗe mana cukun mai kitso, na ciro kuɗi, ya ture hannuna ya ce, "Khalas, bar shi kawai, baƙin Usmanu ne ku." Muka yi addu'a tare a ƙofar shagon.

Komawa

Baba ya ɗora ƙafa a feda ya kasa. Na kira Sani, wani direba ɗan Zariya da ke zaune a unguwar, ya zo da a-kori-kurar wurin aikinsa bayan La'asar, muka loda kekunan a baya. Ya so ya ja mu da hira, da ya ga yanayin Baba sai ya bari.

Rana tana shirin faɗuwa muka shiga Wukair. Muna zuwa wurin da bas ke ajiye mutane Baba ya taɓa kafaɗar Sani. "Ɗan tsaya nan."

Ya sauke gilashi yana kallon rumfar jiran bas ɗin, babu kowa a ciki. Sannan ya juya ya dubi ɗaya ɓangaren. Daga nan ana hango gininmu, har da igiyar shanyar da ke barandarmu.

"Nan ya sauka ke nan," ya ce. "Ina ciki ina barci."

Sani ya jira har Baba ya ɗaga gilashin da kansa, sannan ya ja mota.

Mun iso gida ana kiran Magariba. Na gode wa Sani da ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, da Malam Adamu da ya karɓe mu kamar ya san mu, na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya sa Malam Usmanu da iyalinsa a addu'a. Baba Idrisu ya sauka Kumasi lafiya. Duk Juma'a yana kiran Malam Adamu, har yanzu dai babu labari.