Gaisuwar da Ta Raba Uba da Challawa

Uba Isyaku bai shigo Kano don ya yi faɗa da kowa ba. Daga wani ƙauye kusa da Ringim ya zo, ya kama ɗaki a Panshekara, ya samu aiki a wani kamfanin fata da ke Challawa, a sashen da ake aske fata da inji. Abu guda ne ya fi so a duniya: ya ji an faɗi sunansa a rediyo. Katin zaɓe na gaisuwar rediyo yake saye, ya cika shi da sunaye, ya kai gidan rediyo a kan kekensa. In an zo filin gaishe-gaishe, wanda yake dacewa da hutun cin abincin rana, sai ya ajiye rediyonsa a kan bencin mai shayi da ke bakin get ɗin kamfani ya ƙure murya. Da haka ya zama Uba Mai Gaisuwa. Ba mutum ne mai daɗin zama ba. Yana da gardama, yana da riƙo, wanda ya ɓata masa kuwa sai ya cire sunansa daga kati, ya kuma tabbatar ya sani.

A shekarar 1982 inji ya cinye yatsu uku na hannun Mamman, wani Badamagare da suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa. An cire murfin da ke tsare wuƙar injin tun da daɗewa, wai yana rage sauri. Da Mamman ya fito daga asibiti aka ce masa babu gurbinsa. Uba ya rubuta a kati: yana gaida Mamman na Challawa, wanda injin kamfani ya yanke wa yatsu, kamfani kuma ya kore shi. Mai gabatar da shirin, wani da ake kira Ashafa, ya karanto shi cikin sauri kamar sauran, sai da ya kai ƙarshe ya ɗan yi tari ya saki waƙa. Leburorin da ke bakin get suka juyo suna kallon Uba.

Washegari Malam Labaran, jami'in kula da ma'aikata, ya aika a kira shi. Bai ce ya zauna ba.

"Kai ne ɗan jaridar da muka ɗauka ba mu sani ba?"

"Gaisuwa na yi, ranka ya daɗe."

"Gaisuwa. Manaja ya ji gaisuwar taka a mota."

"Akwai ƙarya a ciki? In akwai ku nuna mini, in sayi wani katin in gyara."

Labaran ya dube shi kamar ya ga abin ƙyama. "Ba a tambaye ka gaskiya ko ƙarya ba. Bakinka na kamfani ne muddin kana sa rigar kamfani. Fita."

Uba ya fita ya sayi wani katin. Wannan karon an karanta, amma daga "Mamman na Challawa" sai aka tsallake zuwa suna na gaba. Katin da ya aika bayan wannan ko taɓa shi ba a yi ba. Ya hau keke ya je ya tsare Ashafa a ƙofar gidan rediyo. Ashafa ya ja shi gefe, ransa a ɓace.

"Ka kusa raba ni da aikina. Yanzu an ajiye mutum da jan biro, duk kati sai ya bi ta hannunsa. Filin nan na nishaɗi ne, Malam Uba. In ƙara kake da ita, ga kotu can."

"To rediyon na wa ne? Na masu talla?"

"Na wanda ya fi ƙarfina da kai," in ji Ashafa, ya juya ya shige.

A hanyar komawa Uba ya samo dabara. Kowane ɗan zaɓe yana da laƙabi, mai jan biro kuwa ba ya soke laƙabi. Sai ya fara gaida Mamman Mai Yatsu Bakwai. Ya haɗa da Garba Tarin Sinadari, wanda ƙirjinsa ya lalace a ɗakin jiƙa fata, da Ladi Baƙin Ruwa, mai abinci a bakin kwatar kamfani da ke kwarara cikin kogi. Katunan suka wuce. Duk mai aiki a Challawa ya gane, har Sharada da Bompai ana maimaitawa ana dariya.

Kamfani bai kore shi a lokacin ba. Abin da aka yi shi ne liƙa sanarwa: an hana shigo da rediyo cikin harabar kamfani, an kuma tashi mai shayi daga bakin get. Labaran da kansa ya bi sashe-sashe yana cewa, "Ku gode wa ɗan'uwanku." Leburori ba su zagi Labaran ba. Uba suka zaga. Sauraron rediyon nan shi ne kaɗai abin daɗin da suke samu tsakanin wari da ƙarar inji. Aka daina amsa masa sallama. Wata rana ya tarar an yanka tayoyin kekensa. Ƙungiyar 'yan zaɓe ta Kumbotso ta zauna ta cire shi, wai ya shigo da siyasa cikin zumunci. Matarsa Zuwaira ta ce mata sun daina zuwa karɓar aron turmi a wajenta.

Uba bai rusuna ba. Yana cewa duk matsorata ne, an cire musu harshe sun ce an gode.

Wanda ya fi yi masa ciwo Mamman ne. Ya same shi ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gaban mutane, ya zaro hannun daga aljihu ya kai shi dab da fuskar Uba.

"Ka ƙirga su da kyau? Wa ya ba ka izini ka sa ni a rediyo?"

"Don kai na yi, Mamman."

"Don ni? Na je Sharada neman gadi, mai get ya ce, au, kai ne Mai Yatsu Bakwai, ba ma ɗaukar 'yan rigima. Bompai ma haka. Yara suna bina da sunan a layi. Kamfani ya ci yatsuna, kai ka ci sunana."

"In kowa ya yi shiru gobe wani zai rasa hannu gaba ɗaya."

"To ka sa naka hannun, sannan ka gaida kanka."

Mamman ya tofar da yawu a gefen takalmin Uba ya tafi. Ba a jima ba ya kwashe iyalinsa ya koma Damagaram, ba su ƙara haɗuwa ba.

Bayan soja sun karɓi mulki, aka tsananta wa kafafen labarai, gidan rediyo ya hana laƙabin da ba a san ma'anarsa ba. Kamfanoni kuma suka shiga rage ma'aikata, sunan Uba shi ne na farko a sashensu. An mayar da murfin injin a wannan shekarar. Labaran ya ce dama yana cikin tsari, Uba ya ce ƙarya yake yi, gaisuwarsa ce ta sa, kuma har yau tsofaffin ma'aikatan ba su daidaita a kan maganar ba.

Uba ya koma Ɗorayi ya kafa tebur yana sayar da batir da ashana. Garba ne kaɗai yake zuwa wajensa, yana tari, su zauna su yi ta musu a kan ko ya kamata a nemi yardar mutum kafin a faɗi abin da aka yi masa. Garba yana cewa ya kamata. Uba yana cewa da ya nemi yarda da ba wanda zai ba shi. Ran da Garba ya rasu, Uba ya rufe tebur ya bi gawa har maƙabarta, ya tsaya can baya shi kaɗai, mutanen Challawa suna wucewa ta gabansa ba mai miƙo masa hannu.