Nonon Dada

Shekarun baya can, lokacin da Yola ke cikin Jihar Arewa Maso Gabas, ina ɗan firamare a unguwar Rumde, mahaifiyata ta haifi ƙanina. Dada muke ce mata. Yaro ya zo shiru-shiru, har mata suna yaba haƙurinsa. Amma wata ya bi wata, ba ya girma. Gaɓoɓinsa suka ƙage, in ka miƙe masa hannu sai ya koma ya lanƙwashe. Dasashinsa ya kumbura, cikinsa ya yi tulu, numfashinsa kamar na mai minshari.

Goggo, yayar babanmu, ita ta zo daga Dubeli ta yanke hukunci. Ta sa Dada ta tatsi nono a ƙoƙo, ta kamo tururuwa ta jefa ciki. Wai in ta fito nono lafiya, in ta mutu nonon ne mugu. Ni ma ina tsugune ina leƙe, sarkin son ganin ƙwaƙwaf. Tururuwa ta yi ta wutsil-wutsil, can ta tsaya cak.

"Kin gani da idonki," in ji Goggo. "Nonon nan guba ne. In kina son ɗanki, kada ya ƙara sa shi a baki."

Daga ranar aka koma madarar shanu da kunu. Yaro ya riƙa lalubar ƙirjinta, ita kuwa ta ɗaure ƙirjin da zane tamau, nono na jiƙa zanen. Wallahi a shekarun nan ban taɓa ganin hawayenta ba, kun san Fulani da kunya. Sai dai in ya fara kukan nan nasa, ta tashi ta fita tsakar gida ta kama shara inda ba datti.

An kai shi asibiti, aka ba da magani, aka ce a yi haƙuri. Ya yi 'yan shekaru bai taɓa takawa ba, sai tari ya zo ya tafi da shi. Duk mai ta'aziyyar da ya shigo, maganar Dada ɗaya ce: "Gara da Goggo ta gano da wuri. Da tuni na kashe shi da kaina."

Na girma, na karanci ilimin halittu, na zama malamin makaranta. A nan na san cewa kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ƙera sinadarai iri-iri da ake kira furotin, ta manna wa kowanne alama, ta tura shi sashen da zai yi aiki a cikinta. Waɗansu aikinsu narkar da shara ne a wani ɗan lungu na ƙwayar. Wata rana ina karatu na ci karo da wani ciwo da alamar ba ta mannuwa, sai a fitar da masu narkar da sharar waje, shara ta yi ta taruwa a ciki. Da na duba yadda ciwon ke bayyana, sai yaron nan namu ya faɗo min a rai. Ƙanina ne sak! Ba a taɓa gwada jininsa ba, don haka ba zan rantse ba. Amma dai gado ne daga uwa da uba, tun yaro yana ciki. Nono ba ruwansa.

Na taho gida da rawar jiki, wai ni zan sauke mata kayan da ta daɗe tana ɗauke da shi. Malami dai, bakinsa ba ya riƙe abin da ya sani. Na tarar tana tsince shinkafa a faifai.

"Dada, kin tuna buhunan da jiragen ruwa ke saukewa a bakin kogi a Jimeta? Kowanne da alamar mai shi. In babu alama fa?"

"Sai ya ɓata mana," in ji ta.

Na ce to haka aka yi a jikin yaron nan. Na yi ta zuba bayani kamar ina gaban aji, har da zane a ƙasa. Ta bar ni na gama.

"Wato nonon lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau, Dada."

"Da na ba shi, ba abin da zai same shi?"

"Ba zai warke ba, amma ba zai cutar da shi ba."

Ta ajiye faifan a hankali. "Yana nema, ina ture bakinsa. Yana kallona, ina ture shi. Ni a zatona cetonsa nake yi." Sannan ta ce, "Kai, Malam, da ka bar ni da jahilcina."

Ranar na fara ganin kukanta, tana tsohuwa, a gaban ɗanta na fari.

Ba mu sake tada zancen ba har Allah Ya yi mata rasuwa. Na ci gaba da koyar da darasin nan shekara da shekaru, yara suna zanawa suna cin jarrabawa, ni kuwa duk ranar da na zo kansa ba na iya cin abinci. Abin da na sani bai ceci ƙanina ba, ban ma ji an samo maganin ciwon ba har yau, kuma ya raba Dada da ɗan abin da take lallashin zuciyarta da shi. In aka ce min ilimi haske ne, nakan ce haka ne, sai in tuna kukan Dada.